Kafa rumfa a bayan gida a Katsina: daga awon fili zuwa ƙusar ƙarshe

A Katsina watanni biyu ne ke yanke wa rumfa hukunci. Afrilu shi ke nuna ko za a iya zama a ƙarƙashinta, Yuni kuma shi ke nuna ko za ta tsaya a inda aka kafa ta. Wadda ta faɗi jarrabawar Afrilu takan koma ma'ajiyar tsofaffin bokitai, don ba mai iya jure zafin kwanonta da azahar. Wadda ta faɗi ta Yuni kuwa, iskar farkon damina ce ke yaye rufinta ta jefa gidan maƙwabta, sai dai a yi ta hamdala idan bai faɗa wa kowa ba. Galibi ba ƙarancin kuɗi ke jawo wannan ba. Gaggawa ce: a sayo kwano, a kira mai walda, a ce masa "ga wuri nan, yi mana rumfa", alhali ba wanda ya tsaya ya duba ta ina rana ke shigowa, ta ina iska ke bugowa, ina kuma ruwa zai bi.

Fara da masu zama a cikinta

Rumfar bayan gida ta mata da yara ce kafin ta zama ta maigida. A nan ake tsince shinkafa, a yi wanki da kitso, yara su yi tilawa, a sha ruwa da azumi, a baza katifu a kwana idan bazara ta hana shiga ɗaki. Saboda haka uwargida ce za ta fara magana. Ita ta san inda inuwa ke kaiwa da hantsi, da kusurwar da ruwa ke kwanciya a watan Agusta, da hanyar da ake bi da tukunya daga kicin. Tambaye ta abu uku: za a riƙa girki a ciki ko a'a, za a riƙa kwana a ciki ko a'a, mutum nawa ke taruwa a ranar da gida ya cika. Amsar ta farko za ta sauya irin silin da za ka sa, ta biyu ta sauya faɗi, ta uku ta sauya tsawo.

Daga nan ku shimfiɗa tabarmi da katifu a filin yadda za ku yi amfani da shi, ku zagaye da toka, sannan a kawo tef a auna. A wannan jagora zan yi lissafi da rumfa mai ƙafa 16 a jikin bango da ƙafa 10 daga bango zuwa waje. Ƙafa 10 ɗin nan da dalili: katako a kasuwa ƙafa 12 yake zuwa, kwanon gama-gari kuma ƙafa 6. Idan zurfin rumfa ƙafa 10 ne, katako ɗaya zai ratsa daga bango zuwa gaba har ya bar baki, kwano biyu kuma su rufe shi ba yanka ba ƙari. Da ka ce ƙafa 12 ko 13, ka shiga haɗa katako a tsakiya, kuma wurin haɗi nan ne rufi ke fara lotsawa. In kana son girma, ƙara a tsawon bango, nan ba wata wahala.

Rana da iska

Wannan shi ne matakin da ba a kashe ko sisi a kansa, kuma shi ya fi kowane tasiri.

Katsina da Daura suna wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, ranar tsaka tana ɗan karkata arewa. Sauran watannin shekara tana kudu. Saboda haka rumfar da bakinta ke kallon kudu ita ce ta fi dacewa da mu. A bazara rana tana kusan tsakar ka, rufi ya tare ta gaba ɗaya. A Disamba da Janairu kuwa ta sauko kudu, sai haskenta ya shigo kusan rabin daɓen, daidai lokacin da tsofaffi da yara ke neman wurin shan hantsi. Ga shi kuma ginin gidan da ke bayanta ya tare mata iskar hunturu da ke tasowa daga arewa maso gabas.

Mai kallon arewa tana da inuwa kusan duk shekara, amma ƙurar hunturu za ta riƙa cika ta daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a yi ta shara. Mai kallon gabas tana da daɗi da yamma, sai dai ita ce ta buɗe baki ga hadari, domin hadarinmu daga gabas yake tasowa. Irin wannan sai an ninka ɗauri. Mai kallon yamma ita ce matsala. Da ƙarfe 4 na yamma a watan Afrilu, rana ta riga ta sauko yadda za ta ratso ƙarƙashin rufi mai tsayin ƙafa 9 ta kai har gindin bango. Rufin yana nan, amma inuwarsa ta tafi wani wuri.

Na san yawancin mutane ba su da zaɓi, inda fili ya rage nan za a yi. Idan yamma ce ta rage maka, to tun yanzu ka sa kariya cikin lissafi: asabari mai naɗewa da za a riƙa saki bayan azahar, ko rabin katanga ta bulo mai huda, ko itace a wannan gefen. In dogon yaro za ka shuka, nisanta shi da daɓe da katanga sosai, saiwarsa tana fasa siminti. Zogale bai da wannan ɓarna, kuma yana saurin tashi.

Abin da ke ƙasa, abin da ke sama, da na maƙota

Kafin a sa diga, a gano inda sokawe yake da bututun da ke kai masa, da bututun famfo, da wayar wuta idan an binne. Ba a kafa ginshiƙi a kan murfin sokawe, ba a kuma rufe bakinsa da daɓe, don wata rana za a zo kwashewa. A gidajen cikin birni, irin na wajen Gobarau da unguwannin da ke cikin ganuwa, akwai ƙarin hatsari: tsohuwar rijiya ko shadda da aka cike tun zamanin kakanni, ba alama a sama. A tambayi dattawan gida. Idan ana haƙa aka ga ƙasa ta sauya, ta yi baƙi da laushi ko ta fito da fasassun tukwane, a matsar da ramin.

Ɗaga kai kuma ka duba. Idan wayar KEDCO, kamfanin wutar lantarki, ta ratsa ta saman filin, ba a kafa rumfar ƙarfe a ƙarƙashinta sai an kawar da ita. Idan gidanka mai rawani ne, ƙirga indararon da ke zubowa ta wannan bangon, domin duk ruwansu a kan sabon rufin zai sauka.

Sai maƙwabci. Ya zo a hadisin Abu Huraira cewa kada mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a katangarsa, kuma mutanenmu suna da wannan kara. Duk da haka shawarata ita ce ka nemi izini, amma kada ka ɗora nauyin rumfarka a katangar da kuka yi tarayya. Katangar zagaye galibi bulo mai inci 6 ce, tushenta ba zurfi, ba a gina ta don ta riƙe rufin da iska ke fizga ba. Kada kuma digo ɗaya na ruwan rufinka ya zuba a gidansa ko a gindin katangarsa. Ranar da ma'aikata za su hau sama, a aika tun da safe a sanar da gidajen da ke kewaye, don iyalinsu su kimtsa.

Idan a sabuwar shimfiɗa kake ko rukunin gidajen gwamnati, leƙa ofishin hukumar tsara birane ta jiha ka ji ko aikinka na buƙatar amincewa, musamman in zai kai jikin katangar waje. Ɗan haya ya samu yardar mai gida a rubuce. Gidan gado kuma a shawarci sauran magada.

Da me za a yi ta

Ginshiƙi iri uku ne a gabanka. Bututun ƙarfe mai inci 3, zagayayye ko mai kusurwa huɗu, shi na fi so wa yawancin gidaje: gara ba ta cin sa, ba ya cin wuri, ana gamawa da wuri. Sai dai ka kula da kauri. A kasuwa akwai bututu masu faɗi ɗaya amma kaurin jikinsu ya bambanta ƙwarai. Kada ka karɓi wanda bai kai milimita 2 ba, kuma ka ɗaga ka ji nauyinsa da hannunka. Ginshiƙin kankare mai rodi 4 na milimita 12 ya fi kyan gani da daɗewa, ya kuma fi tsada da cin lokaci. Wanda aka jera da bulo zalla ba rodi a ciki, wannan ado ne, ba ya riƙe rufi idan iska ta zo. Na uku shi ne azara. Iyayenmu ba su yi kuskure da suka riƙe giginya ba, gara ba ta cika damun ta ba, kuma da zana a sama ba rumfar da ta kai ta sanyi. Aibinta shi ne ba ta son ƙusa, sai ɗauri da waya, zana kuma sai an riƙa sabuntawa, ga tsoron gobara.

Rufi kuwa, kwanon gama-gari bandir ɗaya falle 20 ne. Rumfarmu za ta ci layi 2, kowane layi falle 9 ko 10, wato bandir guda, ka ƙara falle 2 ko 3 don ko-ta-kwana. Ka guji mai sirantar da kana iya lanƙwasa shi da yatsu biyu. In hali ya yi, dogon kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.45 ko 0.55 ya fi: ana yanko maka shi daidai tsawon da ka auna, ba haɗi a tsakiya, ba ya tsatsa. Zaɓi fari ko mai haske. Baƙi da ruwan ƙasa mai duhu suna da kyau a ido, amma zafi suke sha su sauke maka a ka. Kwanon roba mai nuna haske kuma ba na ƙasarmu ba ne, falle ɗaya ya isa ya ɓata inuwar rumfa.

Ban kawo farashi ba domin yana sauyawa kafin wata ya zagayo. Rubuta kayan a takarda da adadinsu da kaurinsu, ka taya a shago 3, ka je da mai aikin amma kai za ka biya da hannunka. Kayan rumfarmu, in ƙafafun ƙarfe ne da saman katako: ginshiƙi 3 a gaba, da wasu 3 a baya idan ba za a jingina da bango ba, abin da zai kwanta a kansu, ko dai ƙarfe mai kusurwa mai inci 2×4 ko katako mai inci 2×6 biyu a haɗe, rafta 7 na katako 2×6 (su ne masu ratsawa daga bango zuwa gaba), katako 2×3 guda 8 na gicciye, siminti buhu 16 zuwa 18, yashi, tsakuwa, ƙusoshi, fenti da maganin gara.

Da ma'aikata, jinga ta fi biyan yini, amma a fayyace abin da ke cikinta a gaban shaida. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, cikon ƙarshe kuma sai an watsa ruwa a rufi an ga ba yoyo. Lokacin aiki mafi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ba ruwan sama, ma'aikata sun dawo daga gona, kuma rumfar za ta riga bazara zuwa.

Awo da ramuka

A kafa turaku a ja zare. Don kusurwa ta fita daidai, a auna ƙafa 6 a jikin bango, ƙafa 8 a zaren da ya fita waje; tsakanin alamun biyu dole ya zama ƙafa 10 cif. Bayan an ja duka kusurwa huɗu, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. A rumfa mai 10 da 16, kowanne zai ba da ƙafa 18 da inci 10 da rabi. Idan suka saɓa, a gyara yanzu, in ba haka ba bakin kwano zai fito a karkace kuma ba gyara.

Tsayi: gaba ƙafa 9 daga saman daɓe, baya ƙafa 11. Idan bangon bai kai ba, 8 da 10, kada a yi ƙasa da haka. Bambancin ƙafa 2 ɗin shi ne gangaren da zai sa ruwa ya gudu. Tsayin kuma shi ne rabin maganin zafi, don kwanon da ke dab da ka gasa mutum yake yi.

Ga inda ake yawan cutar rumfa. Bututu yakan zo da tsawon kimanin ƙafa 18, sai mai walda ya ce, "Alhaji, a raba shi biyu mana, ya ba mu ƙafa biyu, an rage kashe kuɗi." Idan ka yarda, kowane ginshiƙi ƙafa 9 ne, a binne ƙafa 1, daɓe ya ci rabin ƙafa, abin da ya rage a sama ƙafa 7 da rabi. Ka samu rumfa gajera mai zafi, wadda kuma ba ta da gindi. Ka ce masa, "A'a Malam, yanka min ƙafa 12, guntun da ya rage mu yi tokare da shi." Ƙafa 2 da rabi a ƙasa, rabin ƙafa a daɓe, 9 a sama.

Dalilin zurfin shi ne wannan. Mutane suna ɗauka aikin ginshiƙi shi ne ya hana rufi faɗowa. Rufin kwano ba shi da wani nauyi. Abin tsoro shi ne tashi. Iskar da ke gaban hadari tana shiga ƙarƙashin rumfa ta rasa mafita saboda bango, ta tura sama, wadda ke wucewa ta bisa kuma ta zuƙa, sai rufin ya tashi kamar faifai. Abin da zai hana shi ne nauyin da ke binne a ƙasa, da ɗaurin da bai yanke ba daga kwano har zuwa wannan nauyin. Ƙasar Katsina da Daura kuwa yawanci rairayi ce, ba ta kama ƙarfe da kanta. Don haka kowane rami ya zama ƙafa 1 da rabi a faɗi ta kowane gefe, zurfi ƙafa 2 da rabi. A gindin bututun a yi waldar guntayen rodi 2 a gicciye don kankare ya kama shi. Kankaren rami ɗaya zai ci kusan buhu guda, nauyinsa kuma ya haura kilo 350.

Kwaɓin: buhu 1 na siminti, kwanon sarki 4 na yashi mai kaifi, 8 na tsakuwa. Ka tsaya a wurin lokacin da ake kwaɓawa. Kada a cika ruwa don aiki ya yi sauƙi, kankare mai ruwa-ruwa ba ya ƙarfi. A zuba kaɗan a ƙasan rami tukuna, a tsayar da ginshiƙi, a duba miƙewarsa ta gefe biyu, a tokare, a cika ana soka rodi don iska ta fita. A bar shi kwana 3 ana ba shi ruwa kafin a ɗora komai. A toshe saman kowane bututu da walda, don ruwan da ya shiga ciki shi ke cinye shi daga gindi ba a sani ba.

Jingina da bango ko tsayawa da ƙafafunta

Idan bangon bulo ne mai inci 9 kuma lafiyayye, ana iya ɗaure katako 2×6 ko ƙarfe a jikinsa da kusoshi masu noti waɗanda suka ratsa bangon, ko suka shiga kankaren da ke saman tagogi. Ƙusar kankare da aka buga a filasta ba ɗauri ba ce. Idan ginin ƙasa ne, ko bulon yana marmashewa, kada a taɓa shi. A kafa ginshiƙai 3 a baya, rabin ƙafa daga bango.

Ni ko a ginin siminti na fi son rumfa ta tsaya da ƙafafunta. Idan gidan mai bakin kwano ne a waje, wannan yana ba ka damar ɗaga bayan rumfar ya hau saman bakin rufin gida da kamar ƙafa 1, ya ɗan rufe shi. Ta wannan tazarar iska mai zafi ke fita, ita ma iskar hadari ta samu hanya. Amma fa ruwan rufin gidan zai zubo ta ƙarƙashin rumfa, don haka dole a sa masa gota a kai shi gefe.

Saman rumfa

Kafin katako ya hau, a shafe shi da maganin gara ta kowane gefe, har bakin da aka yanka. Wasu baƙin mai suke shafawa. Yana taimakawa, amma yana wari yana kuma ɗiga da zafi. A zaɓi busasshen katako miƙaƙƙe, ɗanye yana murɗewa bayan an buga. Ƙarfe kuma a kankare tsatsa, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, sannan fenti na gama-gari. Ka duba kowane haɗin walda da idonka: a zagaye shi gaba ɗaya, ba ɗigo biyu ba.

Rafta su zauna a tsaye a kan kaifinsu, tazarar ƙafa 3. Kowanne a naɗe shi da siririn ƙarfen ɗauri ko rodi mai milimita 6 a haɗe da abin da yake kwance a kai, gaba da baya. Ƙusa kaɗai zarewa take idan aka ja ta sama. A kusurwar da ginshiƙi ya haɗu da na kwance a sa guntayen bututun da suka rage a tokare, su ke hana rumfa rangaji. Katakon gicciye layi 5, ɗaya ya faɗo daidai inda kwano biyu za su haɗu.

Jera kwano a faro daga yamma a nufi gabas, ta yadda bakin kowane haɗi zai ba hadari baya. Layin ƙasa tukuna, na sama ya hau kansa da inci 6. A gefe kuma tudu 2 su hau juna. Ƙusa mai hula a kan tudu ake buga ta, ba cikin kwari inda ruwa ke bi ba. A layin gaba, da na baya, da gefuna biyu, a ƙara yawan ƙusa, tudu ɗaya a tsallake ɗaya, domin daga baki iska ke fara ɓamɓara. Kada bakin kwano ya zarce katakon ƙarshe da fiye da inci 3.

Inda kwano ya haɗu da bango nan ne yoyo ke zama. Liƙa siminti a wurin ba ya wuce damina ɗaya, saboda kwano yana miƙewa da zafi yana komawa da sanyi, simintin ya tsage. A tsaga layi a bango, a cusa bakin lanƙwasasshen kwano a ciki a liƙe, ɗaya bakin ya kwanto a kan rufi da inci 8 ko fiye. Duk indararon da ke sama a haɗa masa bututu ya sauka ta gefe.

Ruwa da daɓe

Rufin nan ya kai murabba'in mita 19. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, don haka ruwa mai milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a Agusta, zai sauko da wajen lita 570, kusan duro 3. A sa gota a bakin gaba mai ɗan gangare zuwa gefe ɗaya, ta zuba a duro ko tanki mai murfi, rarar kuma ta bi magudana zuwa rariya. Ruwan farko a bar shi ya wanke ƙurar rani ya tafi. Murfin dole ne, saboda sauro da kuma ƙananan yara.

Daɓe a bar shi sai an gama rufi: ba abin da zai faɗo ya fasa shi, kuma zai bushe a inuwa. A kwashe ƙasar sama, a yi ciko da jar ƙasa ko marmara kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. A zagaye da layin bulo, a fesa maganin gara, a shimfiɗa leda. Kankare inci 4 da kwaɓin da aka yi na ramuka zai ci buhu 9 zuwa 10. Samansa ya ɗara tsakar gida da inci 6, amma ya kasa dokin ƙofar ɗaki da aƙalla inci 2. Ya gangara daga bango zuwa waje da inci 1 da rabi. Kafin magini ya tafi, a zuba bokitin ruwa a ga inda ya nufa. A tsaga layi a tsakiya ya raba shi gida biyu, don in zai tsage ya bi nan. Sannan ban ruwa safe da yamma kwana 7, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna. A hunturu wannan ba abin wasa ba ne, busasshiyar iska tana shanye ruwan kankare kafin ya kama, bayan wata biyu ka ga yana tashi gari.

Tayil mai sheƙi ba na wurin wanki da alwala ba ne. A sa mai kaushi, ko a bar siminti a ɗan ja masa tsintsiya tun yana ɗanye.

Silin da wuta

Kwano tsirara ko ya yi tsayi yana sauke zafi. Mafi arha shi ne a ɗaure asabari ko zana a ƙarƙashin rafta, a bar tazara tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa. Silin roba ya fi tsabta, amma kada a toshe gefunansa gaba ɗaya. A bar kafofi a sa musu raga saboda tsuntsaye da ɓeraye. Idan za a riƙa hura murhu ko gas, gefen girkin ya kasance ba roba ba zana, a can ƙarshen rumfa inda hayaƙi zai fita.

Wayar wuta ta bi cikin bututun roba, a kawo ta daga akwatin gida da makashinta daban, kuma ƙwararre ya yi. Tunda ginshiƙan ƙarfe ne, ga ruwa ga yara ba takalmi, dole a haɗa jikin rumfar da wayar ƙasa. Soket ya yi sama da inda hannun yaro da feshin ruwa ke kaiwa. Ƙugiyar fanka a ɗaure ta a rafta tun kafin silin, fukafukanta kada su yi ƙasa da ƙafa 7 da rabi. Idan kana da niyyar ɗora faifan sola nan gaba, faɗa wa mai aiki tun yanzu, kowanne yana kai kilo 20 zuwa 30, sai a matso da rafta. Janareta kuma ba ya zama a rumfar da ke jikin tagar ɗakin kwana, hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci.

Kowace shekara a farkon Mayu, kafin hadarin farko, a hau a duba. Ƙusar da ta ɗago a sauya ta da mai tsawo, a kwashe ganye da ƙasa daga gota, a ƙwanƙwasa katako a ji ko gara ta shiga, a duba gindin ginshiƙai inda suka haɗu da daɓe, in tsatsa ta fara a kankare a shafa jan fenti.